Yadda Ake Mayar da Kwali Tsohon Katako Mai Fenti

Takarda da kwali suna iya ɗaukar kamannin katakon da ya sha rana da ruwa, fentinsa ya koɗe ya ɓamɓare, har sai mai kallo ya kai hannu ya taɓa kafin ya yarda ba itace ba ne. Masu buƙatar wannan aiki suna da yawa. Akwai malamin zane a firamare ko ƙaramar sakandare da ke son ɗalibansa su gina samfurin gida ko na rumfar kasuwa, akwai 'yan wasan kwaikwayo na makaranta da ke neman ƙyauren zaure wanda yaro ɗaya zai iya ɗauka, akwai mai ɗaukar hoto da ke son bango mai kyau a bayan abokan cinikinsa, sannan ga masu yin firam da bangon littafi. A garuruwa irin su Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna da Kebbe, katakon kafinta daga nesa yake zuwa kuma da tsada, kwalin taliya da na sabulu kuwa ana samunsa a kowane shago da kuɗi kaɗan.

Kwaikwayon itace da fenti tsohuwar sana'a ce a Turai. A Ingila, Thomas Kershaw, wanda ya rayu daga 1819 zuwa 1898, ya yi suna da ita har aka nuna aikinsa a babban baje kolin Landan na 1851. Masu wannan sana'a dai sabon katako mai tsada suke kwaikwayo, mai santsi da sheƙi. Na tsohon katako ya fi sauƙi ga hannu, domin kuskure yakan ɓace a cikinsa, amma ya fi buƙatar ido. Tsufan katako yana da tsari, kowane tabo da abin da ya kawo shi, kuma wanda ya watsa tabo ko'ina ba lissafi, ƙazamin kwali kawai zai samu.

Abin da rana da ruwa ke yi wa katako

Kafin a taɓa buroshi, ya kamata a je a tsaya gaban tsohon katako na gaske a ƙare masa kallo. Ba a rasa shi: ƙyauren shago, bencin mai shayi a tasha, amalanke, bodin tsohuwar motar katako da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega, ko kwale-kwalen masunta a gulbin Zamfara. In da waya, a ɗauki hotonsa daga nesa da kuma dab da shi, a ajiye a gefen wurin aiki.

Abu na farko da za a lura shi ne launin itacen da ke leƙowa inda fenti ya tashi. Jikin itace zaruruwa ne da wani sinadari mai suna liginin ya manne su wuri ɗaya. Shi ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen itace, kuma hasken rana yana ruguza shi a fatar katako, ruwan damina ya wanke, zaruruwan su rage a fili, funfuna ta ƙara musu ɗan duhu. Wannan ne ya sa maɗaci mai ja, ƙirya mai duhu da farin katakon da ake kawowa daga kudu duk suke komawa ruwan toka bayan 'yan shekaru a waje. Masu koyo sun fi yin kuskure a nan, su shafa ruwan ƙasa mai kauri suna ganin launin itace ke nan. Ruwan ƙasa na sabon katako ne ko na wanda ya zauna a ɗaki.

Abu na biyu shi ne hanyar da tsaga ke bi. Katako yana shan laima ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma a faɗinsa yake yin haka, a tsawonsa kusan ba ya motsi. Busasshen fenti ba ya iya bin wannan kai da komo, sai ya dare, darewar kuma ta bi jijiyar katakon daga sama zuwa ƙasa. A kudancin Sakkwato tazarar da ke tsakanin laimar marka a Agusta da bushewar Janairu babba ce, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a Afrilu, don haka fentin ƙyaure ba ya daɗewa bai tsage ba. Ruwa da iska kuma sun fi cin sashen itace mai laushi su bar mai tauri, shi ya sa tsohon katako ke da kwari da tudu a jere in an shafa shi da yatsa.

Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne wurin da lalacewar take taruwa. Gindin ƙyaure, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, shi ke shan fallatsin ruwa da laka, nan fenti ke fara ƙarewa, nan kuma gara ke shiga. Kewayen sakata da wurin kwaɗo ya sha hannu, ya yi duhu da ɗan maiƙo. Gefuna da kusurwa sun goge. Can sama ƙarƙashin inuwar rufi, fenti yakan rage da launinsa kusan cikakke. Ƙarƙashin kowace ƙusa akwai zirin tsatsa da ya gangaro tsaye, domin ruwa ne ya ja shi. Ƙyauren da ke fuskantar gabas ya fi wahala, tun da daga can hadari ke tasowa a wannan ƙasa, ƙurar hunturu ma daga arewa maso gabas take zuwa ta cika kowace tsaga da fari. Yawancin ƙyamare an yi musu fenti fiye da sau ɗaya, sai a ga kore a ƙarƙashin shuɗi, ko ja a ƙarƙashin kore. Ja ne ya fi saurin koɗewa, shuɗi kuwa yakan yi fari-fari ya riƙa barin gari a hannu.

A yi hattara da abu ɗaya: kallon tsohon fenti ake yi, ba a kankare shi ko a goge shi da samfefa don neman samfuri. Fentin mai na da yakan ƙunshi dalma, ƙurarta kuma guba ce, musamman ga yara.

Kayan aiki

Kwali mai ruɓi uku, wato mai lanƙwasa a tsakiya, shi ne ƙashin aikin. A zaɓi wanda bai jiƙe ba, bai sha mai ba. Ana lulluɓe shi da takarda mai ruwan ƙasa, domin ta ɓoye layukan cikinsa kuma ta karɓi zane. A da takardar buhun siminti ce ake samu a sauƙaƙe, amma buhunan yanzu galibi na leda ne, don haka sai a nemi babbar ambulan, ko takardar da teloli ke yanka samfurin riga da ita, ko a jiƙa wani kwalin a ɓare fatarsa ta waje. In an sami ta simintin, a kakkaɓe ta sosai a waje, a goge da ɗanyen tsumma, domin garin siminti yana cin hannu.

Fenti mai ruwa na bango, wanda ragowarsa kan rage a gindin bokitin masu fenti, ya fi kowane dacewa, don ba ya sheƙi kuma yana bushewa da wuri. Fentin mai ba ya yi: takarda tana tsotse mansa, yana daɗewa bai bushe ba, kuma sheƙinsa yana tona aikin. Kalar 'yan makaranta ta kwalba tana yi, sai dai tana narkewa in ruwa ya sake taɓa ta, don haka a ɗiga mata farin gam kaɗan. Inda babu ko ɗaya, ana haɗa fenti a gida da garin alli ko farar ƙasa da aka tankaɗe, a dama da ruwan ƙaro, irin wanda almajirai ke sa wa tawada, sannan a ba shi launi: bular wanki don shuɗi, jar ƙasa don ja, garin gawayi don baƙi da toka. Ƙaro kaɗan ake sawa. In ya yi ƙaranci fentin zai riƙa gogewa, in ya yi yawa zai yi ƙyalli.

Sauran su ne farin gam na kafintoci, guntun kyandir, biron da tawadarsa ta ƙare, reza, rula, samfefa mai laushi, mataji, tsohon buroshin haƙori, soso, tsumma, da buroshin fenti guda biyu. Ɗaya daga cikinsu gara ya zama tsoho wanda gashinsa ya tauri ya barbaje, shi ya fi sabo amfani a nan.

Yanka da fitar da jijiya

Ana yanka kowane katako daban, ba a zana layi a kan kwali guda a ce ga katakai. Ratar da ke tsakaninsu da ɗan bambancin launin kowanne su ne rabin abin da ke ruɗar ido. Don samfurin makaranta, awon kashi ɗaya cikin goma ya fi sauƙin lissafi: ƙyaure mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 90 zai koma santimita 20 da 9, katakon kafinta mai faɗin inci 12 kuma ya koma santimita 3, uku su cika ƙyauren. A yanka yadda lanƙwasar cikin kwalin za ta bi tsawon katako, domin ta haka ya fi ƙarfi. Kada faɗin ya zo daidai wa daida. A bar wani ya ɗara wani da ɗan kaɗan. Reza aikin babba ce, yara sai a miƙa musu yankakke.

Sai a tsarma gam da ruwa kaɗan, a shafa wa kwalin, a shimfiɗa takardar, a naɗe ta ta gefuna zuwa baya don ta rufe ramukan baki. Takarda tana miƙewa in ta jiƙe, ta tsuke in ta bushe, ta ja kwalin ya lanƙwashe zuwa gefenta. Maganinsa a manna wata a bayan ma, ko aƙalla a shafa wa bayan ruwan gam, sannan a danne da littattafai ko faifan katako. A inuwa ake busarwa, rana tana murɗe shi.

Lokacin zana jijiya shi ne sa'ad da takardar ta sha iska amma da sauran sanyi a jikinta. Da mataccen biro ake ja, daga wannan kai zuwa wancan, da hannu kawai ba rula. Layukan su yi kusa da juna a wani wuri su buɗe a wani, wasu su yanke a tsakiya, wasu su nitse har su ɗan keta takardar. Inda ake son ido, wato gurbin reshe, sai a fara zana shi, ɗan ƙaramin zobe mai tsawo, sauran layukan su kauce masa ta dama da hagu su sake haɗewa a gaba. Ido ɗaya ko biyu sun ishi ƙyaure guda. A ƙarshen katakon, musamman na ƙasa, a tsaga da reza kamar santimita ɗaya ko biyu a cire siririn yanki, saboda daga kai katako ke fara darewa.

Ga babban aiki irin na dandali, zane da biro zai cinye yini. Sai a dama fenti da garin alli da gam ya yi kauri, a shafa, a ja mataji ko bakin tsintsiya a kai tun yana ɗanye, ana ɗan karkaɗa hannu. In ya bushe zai bar kwari da tudu na gaske.

Launin toka

Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa fari da baƙi kaɗan da ɗigon ruwan ƙasa, a tsarma sosai, a shafa bin jijiya. Toka zalla ba ruwan ƙasa tana kama da siminti, don haka wannan ɗigon ba a barinsa. Kowane katako a ɗan sauya masa haɗin.

Akwai wata hanyar da ta fi kyau, kuma kayanta na gida ne. Bagaruwar da majema ke jeme fata da ita cike take da sinadarin tanin, kuma duk inda tanin ya haɗu da ƙarfe baƙi yake bayarwa. Da wannan haɗin dukawa ke baƙanta fata, shi ne kuma ke sa kewayen ƙusa ya yi baƙi a jikin katako na gaske. A daka 'ya'yan bagaruwa kamar cikin hannu ɗaya, a jiƙa a ruwan zafi ya kwana, a tace. Inda babu, baƙin shayi mai ƙarfi ba madara ba sukari yana yi. A wata kwalbar kuma a zuba tsofaffin ƙusoshi a ruwan khal su yi kwana uku ko huɗu, kuma kada a toshe bakin kwalbar, domin haɗin yana fitar da iska. A shafa wa takardar ruwan bagaruwa, a bari ya bushe, sannan a bi da ruwan ƙarfen da aka tsarma. Cikin mintuna kaɗan launin zai juya toka, ya fi duhu a cikin layukan da biro ya nitsa, kuma zai ci gaba da ƙara duhu har ya bushe. Saboda haka a gwada a guntun takarda tukuna, a fara da mai ruwa-ruwa. Akwai wani dalilin tsarmawar: tawadar ƙarfe da tanin tana cin takarda in shekaru sun yi nisa, abin da masu adana tsofaffin rubuce-rubuce suka sani sarai. Ga kayan wasan kwaikwayo wannan ba damuwa ba ce, amma ga bangon littafin da ake son ya daɗe, gara fenti.

Fenti da ɓamɓarewarsa

Nan ne zuciyar aikin, kuma ƙa'idarsa a bi jerin da shekaru suka bi: itace a ƙasa, tsohon fenti a kansa, sabon fenti a sama, datti a ƙarshe. Tsakanin kowane shafi da na gaba sai an bari ya bushe sarai. Da hunturu mintuna goma zuwa sha biyar sukan isa, da marka kuwa a ba shi awa guda ko fiye.

Da farko a jera katakan yadda za su zauna, a duba hoton da aka ɗauko, a goga kyandir a wuraren da ake son itace ya leƙo: gindi, gefuna, kewayen sakata, da wasu zirara masu bin jijiya. A danna hannu sosai inda ake son babban ɓamɓare, a sassauta inda ake son gogewa kawai. Kakin yana hawa kan tudun jijiya ya bar kwarin, kuma haka fenti ke gogewa a katako na gaske. Sai a shafa launi na farko, misali kore, shafi ɗaya mai bin tsawo. Ya bushe, a sake goga kyandir, wannan karon ya rufe wuraren farko ya ɗan zarce su, ya kuma taɓa wasu sababbi. Sannan launi na biyu, misali shuɗi. Launin sama kada a ɗauko shi yadda yake a gwangwani. A kashe shi da fari da ɗan toka, domin fentin da ya shekara goma a rana ba ya da kaifin sabo.

In ya bushe, a ɗauki bayan reza ko gefen tsohon katin waya a kankare a hankali, kullum bin jijiya. Fentin da ke kan kaki zai tashi ɓarɓashi-ɓarɓashi, ya bar baki mai kaifi, a ga shuɗi, a ga zoben kore a gefensa, a ga toka a tsakiya. Samfefa tana biyo baya a gefuna da kusurwa kawai, da hannu marar nauyi, don takarda ba ta da kaurin da za ta jure guga. In ta ɗan yage ba laifi, ruwan dattin da zai zo daga baya zai rufe. Man shafawa irin Vaseline yana yin aikin kyandir, har ya fi shi fitar da manyan ɓamɓare, sai dai yana ratsa takarda ya bar tabon mai, don haka ɗan kaɗan ake ɗigawa da tsinke.

Tsagar fenti kuwa da gam ake samunta. A kan launin ƙasa da ya bushe, a shafa farin gam ba tsarmi, bin tsawon katako. A jira har samansa ya fara yin fata amma cikinsa da laushi, in an taɓa ya kama yatsa bai biyo shi ba. A nan ake ɗora launin sama, da kauri irin na koko, a ja buroshi sau ɗaya tak a wuce. Komawa kan wurin yana gauraya fenti da gam, tsaga kuma ba za ta fito ba. Abin da ke faruwa shi ne fentin yana rigan gam bushewa, gam ɗin yana tsukewa a ƙarƙashinsa ya yayyaga shi. Gam mai kauri yana ba da manyan tsage, siriri yana ba da ƙanana, kuma tsagar tana bin hanyar da buroshi ya bi. Ruwan ƙaro mai kauri ma yana yin haka. Da hunturu gam yana yin fata cikin minti biyu ko uku, don haka katako ɗaya-ɗaya ake yi, a kuma rufe taga saboda ƙura. Ba dukan fuskar ake tsagawa ba. Tsakiyar katako da sashen da rana ke duka sun isa, saman da ke inuwa a bar shi lafiya. Aikin da aka tsage shi daga sama har ƙasa bai ɗaya ya fi kowane saurin nuna cewa na hannu ne.

Ana iya haɗa hanyoyin biyu a ƙyaure guda, kyandir a gindi da gefuna, gam a tsakiya, kuma haɗin ne ya fi ba da sakamako mai gamsarwa.

Datti, tsatsa da ƙura

Aikin da ya kai nan yakan yi tsabta fiye da kima. A tsarma baƙi da ruwan ƙasa har su zama ruwa mai ɗan launi, a shafa wa katakon duka, a goge da tsumma nan take. Abin da ya shige tsaga da jijiya zai zauna, na sama ya tafi. In fentin na ƙaro ne, wannan ruwan zai narkar da shi, sai a yi amfani da busasshen garin gawayi a murza da yatsa a madadinsa. Bayan haka a taɓa tsohon buroshi a fari mai ɗan toka, a goge shi a takarda har ya kusa bushewa, a share fuskar katakon da shi sama-sama. Tudun jijiya ne kawai zai ɗauka, ya ba da farin nan na fentin da ya koɗe.

Kan ƙusa ana yin sa da ɗigon gam ko ɗan ƙaramin kwali da aka yanka, a shafa masa baƙi mai ja-ja. A jera su inda ƙusa take zama da gaske, wato a kan katakon da ke gicciye ta baya, biyu-biyu a kowane katako. Daga ƙarƙashin kowace a ja siririn zirin jar ƙasa da ruwa, mai duhu a sama yana ɓacewa a ƙasa. Wannan yana nufin tun kafin a fara sai an san ina ne saman aikin. Fallatsin laka kuma da buroshin haƙori ake yi: a tsoma a ruwan ƙasar wurin da aka tace, a karce gashin da babban yatsa, ya watsu a gindin ƙyauren, ya yi yawa a ƙasa ya ragu zuwa sama. Ƙasar unguwar da kanta ta fi kowace kala dacewa, a ɗiga mata gam don ta kama. Kewayen sakata a murza fensir mai laushi da yatsa, ya ba da duhu da ɗan santsin hannu. Hanyar gara, ga mai so, ana yin ta da ƙasa da gam, siririn layi mai karkacewa daga gindi zuwa sama. Daga ƙarshe a barbaɗa toka ko garin alli kaɗan, a share da busasshen buroshi ya shige tsaga.

Wasu suna ƙona gefen kwali da ashana don ya tsufa. Wannan bai dace ba: ƙuna ba ta kama da cin ruwa, kuma wuta da kwali a aji haɗari ne.

Haɗawa da adanawa

A manna katakan a kan wani kwalin da aka shafa wa baƙi, a bar ratar da ba ta wuce kaurin tsinken ashana ba a tsakaninsu, wata ta fi wata buɗewa. Baƙin da ke leƙowa ta ratar yana ba da zurfi. Ƙyauren dandali mai cikakken tsawo yana buƙatar kwali ruɓi biyu da aka manna lanƙwasarsu a gicciye, da firam na kara ko siririn katako a baya. Tun da daga nesa za a kalle shi, komai sai an ƙara masa girma, tsaga ta yi faɗi, duhu ya yi duhu, kuma mai aikin ya riƙa ja da baya taku goma yana dubawa. A ƙaramin samfuri akasin haka ne, tsagar da ta kai faɗin milimita 2 daidai take da santimita 2 a ƙyaure na gaske, wadda ta yi yawa.

Akwai kuma batun zamani. Makarantun wannan yanki sukan yi wasa ko samfuri a kan tarihin jihadi, tun da Tambuwal ribaɗi ce da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya riƙe a ƙarni na 19. Ƙyamaren wancan lokaci na itace ne da ake ƙarfafawa da ƙarfen maƙera ko fata, fentin gwangwani sai a ƙarni na 20 ya bazu. Don irin wannan wasa a tsaya a kan launin toka, a ƙara faffaɗan ƙarfe na kwali da manyan kawunan ƙusa, a bar shuɗi da kore ga labarin da ya faru a zamanin shaguna da motoci.

Ba a shafa wa aikin man sheƙin kafintoci, domin yana mayar da shi sabo. Abin da ya isa shi ne gam kashi ɗaya a ruwa kashi huɗu, a ɗora da soso ana dannawa ba ja ba, shafi ɗaya. Wanda aka yi da fentin ƙaro a bar shi haka nan, ko a sa shi bayan gilashi. In an yi manni da sitaci ko kullun gari a madadin gam, kyankyaso da ɓera za su bi shi, gara kuwa kwali abincinta ne ko da me aka manna shi. Saboda haka a rataye aikin ko a ɗora shi a kan kanta, nesa da ƙasa da bangon laka, a lulluɓe da takarda maimakon leda don kada laima ta taru a ciki, a kuma fito da shi ya sha iska a inuwa sau ɗaya ko biyu a tsakiyar damina.